Sabon Gizo-gizo Daga Kurmin Gambari da 'Yan'uwansa na Gonakinmu

A shekarar 2011 waɗansu masana biyu, Wanda Wesołowska ta ƙasar Folan da Anthony Russell-Smith na Ingila, suka buga bayani a kan gizo-gizo masu tsalle na kudancin Nijeriya. A ciki akwai iri da dama waɗanda ba a taɓa rubuta labarinsu ba. Ɗaya daga cikinsu suka raɗa masa suna Thiratoscirtus gambari, domin tunawa da gandun dajin Gambari da ke kusa da Ibadan a Jihar Oyo. Da aka ce sabo ne, ba ana nufin jiya ya bayyana ba. Ya daɗe a kurminsa, mutane ne ba su kula da shi ba tukuna.

Watakila wani ɗan ƙungiya zai ce, ina ruwan manomin Lafagu da gizo-gizon Ibadan? Gaskiya ne, shi ɗan kurmi ne, ba za mu je nemansa a gonar gero ba. Amma danginsa suna nan cike da gonakinmu da fadamunmu, har da bangon ɗakunanmu, suna yi mana aiki ba lada. Mu kuwa muna kashe su da feshi ba mu sani ba. Wanda ya gane yadda jikin wannan yake, zai gane sauran.

Yadda ake ba su suna

Masana suna kasa halittu kamar yadda muke kasa mutane: ƙabila, sa'an nan dangi, sa'an nan gida, kana mutum da sunansa. Babbar ƙabilar gizo-gizo ta haɗa da kunama da kaska, gama dukansu ƙafa takwas gare su idan sun girma. Wannan ya raba su da ƙwari irin su fara da sauro da ƙuda, masu ƙafa shida. A shekarar 2022 irin gizo-gizo da aka ba suna a duniya suka kai 50,000, har yanzu kuma ana ƙaruwa kowace shekara.

Dangin masu tsalle, waɗanda ake kira Salticidae, su ne suka fi kowane dangi yawa, sun haura iri 6,000. Thiratoscirtus sunan gida ne a cikin wannan dangi, wani Bafaranshe mai suna Eugène Simon ya sa shi tun 1886. Gambari kuwa shi ne sunan yanka. A gidan nan akwai wani da aka kira obudu, sunan duwatsun Obudu, da wani yorubanus, watau na ƙasar Yarbawa. Sunayen suna da wuyar faɗi, ba mu musa ba. Amfaninsu shi ne, malamin gona na Birnin Kebbi da na Malanville a Jamhuriyar Benin, ɗaya da Turanci ɗaya da Faransanci, idan suka ambaci sunan sun san halitta ɗaya suke nufi.

Jikinsa

Jikin gizo-gizo kashi biyu ne, da ɗan siririn ƙugu a tsakani. Kashin gaba kai ne da ƙirji a haɗe, da ɓawo mai tauri. A nan idanu suke, da baki, da ƙafafu takwas duka. Kashin baya shi ne ciki, mai taushi. Zuciya tana nan, da ƙwai in mace ce, da ƙofofin numfashi ta ƙasa, a can ƙarshe kuma akwai 'yan kawunan da zare yake fitowa. Ba shi da fiffike, ba shi kuma da gashin nan biyu da fara take da su a ka.

Idanu su ne alamar masu tsalle. Takwas ne. Huɗu suna jere a gaba, biyun tsakiya manya ƙwarai kamar fitilun mota, sauran huɗun suna gefe da wajen baya. Ƙananan suna lura da motsi ta kowane gefe, manyan kuma su ne suke tantance ko mene ne. Shi ya sa idan kuka kai yatsa kusa da ɗan gizo-gizon nan na bango sai ya juyo ya dube ku. Ba ya saƙa yana don kama abinci. Sanɗa yake yi kamar kyanwa, in ya matso sai ya daka tsalle. Abin mamaki, ba shi da manyan cinyoyi irin na fara. Jini yake turawa da ƙarfi cikin ƙafafun baya, su miƙe farat ɗaya. Kafin ya tashi yakan liƙa zare a inda yake, in ya kuskure sai ya hau zaren ya koma.

A bakinsa akwai fiƙa biyu masu dafi. Ba ya tauna. Yakan zuba wa abin da ya kama wani ruwa mai narkarwa, sa'an nan ya tsotse, ya bar ɓawon. Kusa da bakin akwai waɗansu 'yan hannuwa biyu gajeru. Na namiji da ya balaga sukan kumbura a ƙarshe kamar dunƙulen ɗan dambe, da su yake barbara. To, a nan ne aikin masana yake. Launi yakan ruɗi mutum, gama iri biyu sukan yi kama ƙwarai. Amma siffar dunƙulen namiji da ta ƙofar mace ta kowane iri dabam take, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Sai an ajiye gizo-gizon cikin ruwan sipirit, a duba wuraren nan da madubi mai ƙara girman abu, a zana su, a gwada da na waɗanda aka riga aka sani, kafin a ce ga sabo. Haka aka yi da na Gambari.

Abin da suke yi mana

Kusan dukan gizo-gizo maharba ne, ba su cin shinkafa ko dawa ko wake. A shekarar 2017 masana biyu, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, suka ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya suna kashe abin da ya kai tan miliyan 400 zuwa 800 a shekara, mafi yawa ƙwari ne.

Labarin Indonisiya ya isa a ji. Manoman shinkafa a can suka dage da feshi, sai wani ɗan ƙwaro mai tsotse ruwan kara ya yi ta yaɗuwa, gonaki suna bushewa kamar an sa wuta. Da aka bincika sai aka ga maganin yana ƙare gizo-gizo da sauran maharba, shi kuwa ƙwaron ƙwansa yana ɓoye cikin jikin shinkafar, ya ƙyanƙyashe ba mai cinsa. A shekarar 1986 Shugaba Suharto ya hana amfani da magunguna 57 a gonakin shinkafa. Ƙwarinmu ba duka ɗaya suke da nasu ba, amma magani mai kashe kome da kome haka yake aiki a fadamun bakin Kwara ma.

A ganinmu, yin feshi don kawai maƙwabci ya yi ɓarnar kuɗi ce. Kafin ƙungiya ta fid da kuɗin magani, a tura mutum biyu ko uku su shiga gonar da sassafe, su buɗe gindin shinkafa wuri-wuri, su ga ɓarna nawa ce, maharba kuma nawa ne. In ɓarnar kaɗan ce, gizo-gizo kuwa da yawa, a dakata kwana kaɗan a sake dubawa. In ya zama dole, a nemi shawarar malamin gona a kan irin maganin, a fesa inda ɓarnar take kaɗai. Ciyawar gefen gona da busassun ganyaye a gindin itatuwan bakin rafi su ne mafakarsu da rani. Ƙunar daji takan cinye su da ƙwansu, damina ta zo gona ba mai tsaro.

Mun san akwai masu tsoron tautau saboda bororon nan da ake cewa shi yake sawa. Sau da yawa ba gizo-gizo ba ne. Wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi, yana da yawa a fadama, yana bin hasken fitila da dare. In aka murje shi a jiki ruwansa yakan ƙona fata. A hure shi kawai, in kuwa an riga an murje, a wanke wurin da sabulu nan da nan.

Wanda yake so ya san yawan masu tsaron gonarsa, ya fita bayan magariba da tocila, ya riƙe ta a goshi daidai idanunsa, ya haska ƙasa. Zai ga ƙananan ɗigo suna ƙyalli cikin ciyawa. Idanun wani dangi ne mai farauta a ƙasa da gudu, ba masu tsalle ba, gama su da rana suke fita. In kuka ga wadda take jan ɗan farin ƙunshi a bayanta, ƙwanta ne. Idan suka ƙyanƙyashe takan goya 'ya'yan duka a bayanta har kwanaki, kafin su watsu cikin gonar.