An Ware, An Saki, An Yi: Lissafin da Mutanen Gwandu da Kalgo Ke Bin Hukuma

A ranar 11 ga watan Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin: kason ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan ya riƙa shiga asusunsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Jama'a sun yi murna, ko da yake aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. To, a ɗauka gobe da safe kowace naira ta kason Gwandu da Kalgo ta sauka a sakatariyoyinsu ba tare da ta biya ta ko'ina ba. Wa zai ga lissafinta? Manomin Diggi ko mai sayar da hatsi a Kambaza, ta wace hanya zai san nawa ya shigo, me aka yi da shi, nawa ya rage?

Ƙidayar 2006 ta ba Gwandu mutum sama da dubu 150, Kalgo kuma kimanin dubu 85, yau kuwa sun zarce haka nesa ba kusa ba. Suna cikin ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kebbi, wadda aka yanko daga Sakkwato a 1991. Kalgo na bakin Birnin Kebbi, kusa da fadamar gulbi, kuma a can ne babbar cibiyar lafiya ta jiha take. Gwandu tana iyaka da Jihar Sakkwato, ga garuruwa da ƙauyuka a warwatse. Buƙatunsu sun ɗan bambanta, amma haƙƙinsu ɗaya ne: a gaya musu yadda aka yi da dukiyarsu.

Yadda kuɗin ke saukowa

Duk wata, kwamitin rabon arzikin ƙasa yana zama ya raba abin da ya taru a Asusun Tarayya. Gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, ban da kasonsu na harajin kayan masarufi. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ne ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda aka daɗe ana ƙorafin cewa a nan kuɗi ke maƙalewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, adadin nairar da ake rabawa ya ƙaru sosai. Talaka ne ya biya wannan ƙarin, a kuɗin mota da taki da kwanon hatsi, don haka ya fi kowa cancantar a yi masa bayani.

Duk wanda ya taɓa bin sawun aikin gwamnati ya san kalmomi uku. Ta farko ita ce "an ware", wato an rubuta adadi a kasafin kuɗi. Ta biyu "an saki", wato kuɗin ya bar baitulmali ya isa hannun ma'aikata ko ɗan kwangila. Ta uku "an yi", wato ga rijiyar tana ba da ruwa, ga ajin yara na zaune a ciki. Rediyo da jawabin biki sun fi tsayawa a ta farko. Tsakanin ta farko da ta biyu ake jin "kuɗi bai sauko ba". Tsakanin ta biyu da ta uku ake tarar da gini da ya tsaya a linta, ciyawa ta cinye shi.

Akwai takardun da ke nuna wannan tazara. Tun 2018, wani shirin Bankin Duniya na dala miliyan 750 ya riƙa ba jihohi tukuici idan suka wallafa kasafinsu, da rahoton kashe kuɗi na kowane wata uku, da lissafin da odita ya tantance. Wannan ya sa jihohi suka saba ɗora irin waɗannan takardu a intanet. Sai dai takarda mai ɗaruruwan shafuka, da Turancin akantoci, ba ta isa kunnen wanda ke zaune a Dalijan ko Zuguru ba. Abin lura a cikinta kuwa bai da wuyar fahimta: nawa ya tafi albashi da hidimar ofis, nawa ya tafi ayyukan raya ƙasa, kuma kashi nawa na abin da aka ware wa lafiya, ilimi da ruwan sha aka saki a zahiri. Idan sashe ya kashe kuɗin tafiye-tafiyensa cif amma kuɗin magani bai kai rabi ba, an ga inda aka sa gaba.

Ma'aikata: suna a takarda, mutum a wurin aiki

Albashi ne ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin ƙaramar hukuma. Daga ciki ake biyan malaman firamare da ma'aikatan ƙananan asibitoci da na sakatariya. A 2024 gwamnatin tarayya ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, Gwamna Nasir Idris kuma, wanda tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, ya amince da dubu 75 a Kebbi. Ƙarin ya dace, domin ma'aikacin da albashinsa bai kai shi tsakiyar wata ba, hankalinsa ba zai zauna a bakin aiki ba. Amma yadda nauyin albashi ya ƙaru, haka ya kamata kulawa da jerin sunayen masu karɓa ta ƙaru.

Matsalar ma'aikatan bogi tsohuwa ce a Najeriya: sunan mamaci, ko na wanda ya bar aiki, ko na wanda bai taɓa wanzuwa ba. Tantancewa da hoton yatsa da lambar banki ta rage ta. Akwai wata da na'ura ba ta kamawa. Mutum na nan da ransa, lambarsa daidai, an tura shi asibitin ƙauye, amma yana zaune a birni, sai ƙarshen wata saƙon banki ya shigo masa. Akwai kuma cunkoson ma'aikata a hedikwata alhali makarantar da ke bayan gulbi malami ɗaya ke riƙe da aji uku. Mace mai naƙuda da aka kai asibiti da dare aka tarar da ƙofa a kulle, babu ruwanta da yawan ma'aikatan da ke cikin rajista.

Maganin wannan ba ya buƙatar kwangila. A liƙa sunayen ma'aikatan kowace makaranta da kowane asibiti a bango, da ranakun aikinsu. Kwamitin iyaye da malamai da kwamitin ci gaban mazaɓa su riƙa dubawa, hakimi da dagaci su sani. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ita ma hukuma a riƙe ta da nata ɓangaren: ƙarin girma a kan lokaci, ɗaukar aiki bisa cancanta, da biyan fansho da giratuti ga wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana hidima.

Muhalli: wa ya samu, bisa wane ma'auni?

Sashe na 16 na tsarin mulki ya sa samar da matsuguni mai kyau cikin manufofin da gwamnati za ta fuskanta. Asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana cire kashi 2.5 na albashin ma'aikaci domin ya samu rancen gida daga bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya. Ma'aikacin da ake cire wa wannan kuɗi yana da haƙƙin ganin shaidar cewa an zuba shi da sunansa.

Mafi yawan mutanen Gwandu da Kalgo kuwa manoma ne da makiyaya da masunta da 'yan kasuwa, gidajensu da yawa na ƙasa ne. A wurinsu tallafin muhalli na nufin abin da zai zo bayan iskar farkon damina ta yaye rufi, ko mamakon watan Agusta ya jiƙa katanga ta zube: bandir na kwano, buhun siminti, katako, ƙusa, wani lokaci fili a kan tudu. A nan ne zargi ya fi yawa, domin kaya ba sa isa kowa, kuma wanda bai samu ba yakan ce an bi jam'iyya ko dangi. Ko da rabon ya yi adalci, in an yi shi a ɓoye sai an zarge shi. Hanyar kare mutuncin masu rabo da haƙƙin masu karɓa ɗaya ce: a ƙirga gidajen da suka rushe tare da mai unguwa da limami, a karanta sunayen a bainar jama'a kafin mota ta iso, a faɗi adadin kayan da aka karɓo daga jiha ko tarayya, a fara da gwauraye mata da marayu da tsofaffi.

Agajin gaggawa: shiri tun da rani

A damina ta 2020 ambaliya ta shafe kimanin hekta dubu 450 na shinkafa a Jihar Kebbi, ta karya gadoji, ta raba dubban mutane da gidajensu. Wannan ta faru ne a jihar da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Banki a 2015, don haka manoma da yawa sun rasa amfanin gona ga kuma bashi a wuya. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da dama suka rasu. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasa. Ruwa ba baƙo ba ne a ƙasar Kabi.

Tsarin ƙasa ya tanadi matakai uku: hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, sai ta jiha, sai kwamiti a ƙaramar hukuma. Na ƙarshen nan shi ne mafi kusa da wanda ruwa ya ci, kuma sau da yawa shi ne mafi rauni. Kowace shekara, tun kafin ruwan farko, hukumar hasashen yanayi da hukumar kula da koguna suna fitar da hasashen damina da jerin wuraren da ke cikin haɗari. Saboda haka tambayoyin da za a yi wa ciyaman da kansila na watan Afrilu ne da Mayu. An yashe magudanu? Ina za a tsugunar da mutane in gulbi ya cika, ban da azuzuwan makaranta? Akwai kwalekwale da rigunan ruwa? Motar ɗaukar marasa lafiya na da mai da direba? In gobara ta tashi a kasuwa da hunturu, daga ina motar kwana-kwana za ta taso, kuma akwai ruwa a cikinta?

Kuɗin waɗannan abubuwa yana da gurbi. Akwai asusun kula da muhalli wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke da kaso a ciki. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kashi 5 na wannan asusu kuma na jinyar gaggawa ne. Akwai lambar 112 ta kiran agaji kyauta. Abin da ya rage shi ne a nuna wa jama'a inda kowanne ya kwana.

Masu duba lissafi

Sashe na 125 na tsarin mulki ya ɗora wa babban mai binciken kuɗi na jiha miƙa rahotonsa ga majalisar dokoki cikin kwana 90 da karɓar lissafin babban akanta, kuma akwai odita na musamman na ƙananan hukumomi. Sashe na 128 ya ba majalisa ikon bincike domin bankaɗo almubazzaranci. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ofishin gwamnati, a amsa masa cikin kwana 7, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Rahoton odita da ba a tattauna shi ba, ba a dawo da kuɗi ba, ba a hukunta kowa ba, aikin banza ne. 'Yan majalisar da ke wakiltar Gwandu da Kalgo a Birnin Kebbi su ne ya kamata su fara ɗaga shi.

Wasu na ɗaukar tambayar shugaba a matsayin rashin kunya ko adawa. Mutanen Gwandu sun fi kowa hujjar ƙin wannan fahimta. A garinsu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance. Wajajen 1807, da ya ga son mulki da dukiya na shiga zukatan wasu daga cikin jama'ar jihadi, ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka. A Kano mutane suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake mulki bisa shari'a, ya rubuta Liya'ul Hukkami. A karantarwar malaman jihadi, baitulmali amana ce, mai riƙe da ita kuma abin tambaya ne tun a duniya. Uwar adashi mai gaskiya ba ta jin haushi idan 'yan zubi suka ce a buɗe littafi, domin littafin ne ke wanke ta.

Don haka abin da ya kamata a nema ƙarami ne, kuma ana iya farawa a wannan shekara. Kowace sakatariya ta liƙa kason wata da yadda aka kashe shi a allon sanarwa, da Hausa, da boko da ajami, a kuma karanta a rediyo. Kansila ya tara mutanen mazaɓarsa duk wata uku da takarda a hannu. Kowane aiki a kafa masa allo mai ɗauke da sunan ɗan kwangila, kuɗin aikin da ranar gamawa. Ƙungiyoyin ci gaban gari, da manoman shinkafa da albasa, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, su ɗauki kasafin su fassara wa iyayensu. A ƙarshen shekara ake tsara kasafin baɗi, lokacin kai buƙata ke nan, da rani kuma ake tambayar shirin damina. Ciyaman da ya fara buɗe littafinsa ba tare da an tilasta masa ba zai huta da zargi, kuma zai sa ya yi wa wanda ya gaje shi wuya ya sake rufewa.