Ingarmu Biyu na Ƙarfe: Me Ya Raba Halin Ducati 916 da na Honda Fireblade?

Masu kiwon dawaki sun san cewa doki biyu kan yi kunnen doki a sukuwa, amma wani ya zama mai sauƙin linzami, wani kuwa sai gwanin mahayi. To, haka abin yake ga baburan gudu, kuma bambancin a cikin ƙira da lissafi yake. Bari mu ɗauki babura biyu da suka yi tashe a zamaninsu: Honda CBR900RR, wanda ake kira Fireblade, ƙirar Japan da aka fito da shi a 1992, da Ducati 916 na ƙasar Italiya, wanda ya biyo baya a 1994.

A takarda kusan ɗaya suke. Injin Honda yana da girman cc 893, na Ducati kuwa 916. Ƙarfinsu duka ya haura na doki 110. Sai dai Honda ya raba girman nan a silinda huɗu da ke jere, Ducati kuwa a biyu kacal, masu kusurwar digiri 90 a tsakaninsu. Daga nan halin kowanne ya samo tushe.

Mai karatu zai tuna cewa a irin wannan inji, kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya ne idan karanshaf ya juya sau biyu, wato digiri 720. A Honda, silinda huɗun suna karɓa-karɓa daidai wa daida, bugu ɗaya a kowane digiri 180. Idan inji yana juyi 6,000 a minti, bugu 200 ke nan a daƙiƙa, ƙanana, a jere, har kunne ba ya rabe su. Shi ya sa mahayi ke jin ƙarfin yana kwarara kamar ruwa, yana ƙaruwa gwargwadon yadda aka murɗa totur. A Ducati kuwa bugu 100 ne, amma kowanne daga silinda mai cc 458, kuma tazararsu ba ɗaya ba: digiri 270, sa'an nan 450. Wannan ɗingishi shi ne rugugin da ake ji daga nesa. A cikin cunkoson gari yakan sa babur ya riƙa fizga, ya tilasta wa mahayi yawan wasa da kuloci. Amma a fitar kwana, 'yan tsere da yawa sun fi yarda da shi. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, doguwar tazarar nan tana ba tayar baya ɗan sararin sake kama kwalta kafin bugu na gaba, ko da yake har yau masana suna jayayya a kan gaskiyar dalilin.

Akwai kuma batun bawul. A yawancin injuna sifirin ne ke rufe shi, kuma idan juyi ya yi tsanani sifirin na iya makara. Ducati ya bi tsarin da injiniya Fabio Taglioni ya kawo kamfanin tun 1956, inda hannun ƙarfe ke buɗe bawul, wani hannun ya rufe shi. Dabara ce mai kyau, amma tana cin kuɗi da lokacin makanike.

Shi Tadao Baba, wanda ya jagoranci ƙera Fireblade, da nauyi ya yi yaƙi. Ya sauko da babur zuwa kilo 185 ba mai ba ruwa, kusan nauyin masu cc 600 na lokacin, ya kuma sa masa tayar gaba ta inci 16 maimakon 17. Taya mai juyi da sauri tana ƙin a karkatar da ita, kuma ƙanƙantarta na rage wannan taurin kai. Saboda haka Fireblade kan faɗa kwana da an ɗan taɓa shi. Illar ita ce, a kan hanya mai gargada kansa yakan yi rawa, abin da ya tsinka wa mahaya da dama zuciya. A 2000 Honda ya koma inci 17. Ducati 916, ƙirar Massimo Tamburini, yana bukatar a danna shi da ƙarfi kafin ya kwanta, amma in ya kwanta ba ya gocewa daga layinsa. Ladan hakan wuyan hannu da gadon baya ke biya, domin hannuwansa a ƙasa suke, mazauninsa kuma ba tausayi. A ganinmu, wanda zai yi tafiyar yini guda ya ɗauki Honda, kada kyan jan fenti ya ruɗe shi.

Abin mamaki, ba su taɓa karawa a gasar duniya ta Superbike ba, don dokar lokacin ta tsayar da masu silinda huɗu a cc 750, ta bar masu biyu su kai 1,000. Carl Fogarty na Ingila ya ci gasar a kan 916 a 1994 da 1995. Da Honda ya gaji da shan ƙura, sai ya ƙera nasa mai silinda biyu, VTR1000 SP-1, kuma Colin Edwards na Amurka ya ɗauki kambun da shi a 2000, shekarar da ya fara fitowa.