Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Sa Allurar Man Mota Yin Ƙarya?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Gembu, can kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Ya ce yana da tsohuwar Land Rover da yake ɗauko masara da ita daga ƙauyuka, sau biyu ke nan mai yana ƙare masa a daji alhali allura tana nuna saura kwata. Yana tambaya, shin ya sayi sabon geji ne?

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya. Amsa a taƙaice ita ce, kada ka yi gaggawar fitar da kuɗi. Allurar nan 'yar aike ce, abin da aka gaya mata shi take faɗi. Sau da yawa laifin yana can wajen tanki ko a kan waya, musamman ga motar da ke shan gargada da taɓo.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. A cikin tanki akwai wani ɗan abu mara nauyi da ke yawo a saman mai, kamar goran masunci a kan ruwa. An ɗaure shi a bakin wani siririn ƙarfe. Idan mai ya cika sai ya taso, idan mai ya ragu sai ya sauka. Ɗaya bakin ƙarfen yana goga wata 'yar na'ura da ke ƙara ko rage wutar da ke bi ta cikin gejin da ke gaban direba. Wutar nan sai ta koma batir ta jikin ƙarfen motar. Ke nan abu huɗu ne: goran cikin tanki da na'urarsa, da wayar da ta taho daga tanki, da mahaɗarsu da jikin mota, sannan shi kansa gejin.

Da farko ka lura da irin ƙaryar da allurar ke yi. Idan a hawan dutse ko gangara ne kawai take ɗan motsawa, wannan ba ciwo ba ne, man ne ya karkata gefe guda. A wuri mai lebur ake karanta geji. Idan ta kwanta a ƙasa ba ta tashi ko an cika tanki, a duba fis, a duba ko waya ta tsinke, ko kuma goran ya huje ya sha mai ya nutse. Idan ta maƙale a sama, galibi waya ce ta goge tana taɓa jikin mota. Idan kuwa tsalle take yi duk lokacin da aka shiga gargada, to wata mahaɗa ce ta saki ko ta yi tsatsa, ko na'urar cikin tankin ta cinye.

Irin taka kuwa, wadda ke nuna saura kwata alhali tanki ya bushe, abu uku ake zargi. Na ɗaya, leƙa ƙarƙashin motar. Idan dutse ya doki gindin tanki ya loɓa shi ciki, goran zai iya zama a kan wannan tudu ya kasa sauka, ga shi kuma tankin ya rage cin mai. Na biyu, siririn ƙarfen nan yana iya lanƙwashewa ko ya cije. Na uku, Land Rover irin ta da, kamar samfurin Series III da aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, tana da wata 'yar na'ura a bayan gejin da ke daidaita wuta a kan bolt 10. Idan ta lalace, allurar mai da ta zafin inji sukan haura tare. Saboda haka in ka ga duka biyun sun wuce inda suka saba tsayawa, fara da ita.

Akwai gwaji mai sauƙi da mai gyaran wayar mota zai yi a gabanka. A gajeriyar Land Rover tankin yana ƙarƙashin kujerar gaba ta hannun dama, kuma lita 45 yake ci. A cire wayar da ke kan tankin, a murɗa makulli ba tare da an ta da inji ba. Ya kamata allura ta sauka ƙasa. Sannan a taɓa bakin wayar a jikin ƙarfen mota, nesa da bakin tanki, na 'yan daƙiƙoƙi kawai, domin daɗewa na iya ƙona gejin. Idan allura ta fara hawa sama, to geji da waya lafiyarsu ƙalau, matsalar tana tanki. Idan ba ta motsa ba, a bi wayar har gaba. Haka yake a yawancin motocin Ingila da Japan, amma wasu na Amurka akasin haka suke nunawa. Kafin a kwance komai kuma, a kankare tsatsar mahaɗar da ke tsakanin na'urar tanki da jikin mota. Sau da yawa nan aikin yake ƙarewa.

Jama'a, a nan sai mun ja kunne. Idan za a buɗe tanki, a fara cire kan batir. Ban da taba, ban da ashana, ban da fitilar aci-balbal. A yi aikin a fili da rana. Tankin fetur da babu kome a ciki ma yana iya fashewa, domin tururin man shi ne ke kama wuta. Kada a yarda a kai masa wutar walda haka kawai.

Kafin a samu gyara, ga dabarar da za ta hana ka kwana a daji. Cika tanki fal, rubuta lambar kilomita. Bayan tafiya ka sake cikawa, ka ga lita nawa ya ci. A ce ka yi kilomita 120 ya ci lita 20, ke nan kowace lita tana kai ka kilomita 6. Da wannan lissafi ka san inda za ka tsaya, amma ka tuna kaya mai nauyi da hawan dutse da taɓo suna ƙara shan mai. Ka riƙa tafiya da jarka mai murfi sosai. Masu motar dizal su fi kowa kiyayewa, domin idan mai ya ƙare iska kan shiga bututu, sai an fitar da ita kafin inji ya tashi. Rigakafi dai ya fi magani.

Da fatan Alhaji ya gamsu. Sauran masu tambaya ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.