Wasan Haruffa a Wayar Salula da Rubutun Yaran Ɗan Kassari

Yaron da ke koyon rubutu a Ɗan Kassari, garin da ke bakin babbar hanyar da ta tashi daga Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni, yana cin karo da salon rubutu har uku tun bai kai shekara goma ba. A makarantar allo yana rubutu da haruffan Larabci daga dama zuwa hagu. A lakwal, wato makarantar boko, yana fama da dikte, wato shifta, na Faransanci. Hausar da yake magana da ita kuwa tana da nata boko mai ƙa'idoji, wanda sau da yawa ba a zaunar da shi an koya masa. Sakamakon wannan cuɗanya yana kan allunan bakin hanya: u ta koma ou, c ta koma tch. Lugu, ƙauyen Sarauniya Mangu wadda ta yi fito-na-fito da rundunar Voulet da Chanoine a 1899, yana cikin ƙaramar hukumar Ɗan Kassari, amma a takarda Lougou ne, ita kuma Sarraounia.

Ƙa'idar rubutun Hausa ba sabon abu ba ce a Nijar. An yi taron daidaita haruffa a Bamako a 1966, an buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, sannan ma'aikatar ilimi ta tsayar da ƙa'idar rubutun a 1999. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne atisaye, domin rubutu daidai sai da maimaici, aji mai cunkoso kuma ba ya ba malami damar duba allon kowane yaro. Shi ya sa wasu iyaye kan zaunar da yara a gida bayan magariba, wa ko ya ta riƙa yi musu shifta.

A nan ne wasannin waya suka samu gurbi. Wanda ya fi dacewa da yaron Bahaushe shi ne Feed the Monster, wanda aka fara yi domin yaran Siriya da yaƙi ya raba da makaranta, daga baya ƙungiyar Curious Learning ta mayar da shi harsuna da dama, har da Hausa. Tsarinsa mai sauƙi ne. Wani ɗan dodo yana jiran abinci, murya ta furta sauti, yaro ya jawo harafin da ya dace da yatsa ya jefa masa a baki. Idan ya dace dodo ya haɗiye ya yi girma, idan ya kuskure ya sake gwadawa ba tsawa ba bulala. Daga harafi ɗaya ake hawa zuwa haɗa haruffa, daga nan zuwa kalma sukutum. Kyauta ne, kuma da zarar an sauke shi ba ya bukatar intanet, abin da ke da muhimmanci a ƙauyen da cajin waya ma sai an kai wurin mai faifan hasken rana. Masu bincike na Bankin Duniya sun raba wayoyi masu ɗauke da wasan a ƙauyukan Kano da Jigawa, suka tarar karatun yaran ya ƙaru. Jihar Dosso, inda Ɗan Kassari yake, ita ma ta taɓa ganin irin wannan gwaji: a 2009 da 2010 shirin yaƙi da jahilci na ABC ya koya wa manya aika saƙon waya da Hausa da Zabarmanci a jihohin Dosso da Damagaram, kuma waɗanda suka yi amfani da waya sun fi takwarorinsu cin jarrabawa.

Hausa ta fi Faransanci karɓar irin wannan wasa, saboda galibi yadda ake furta kalma haka ake rubuta ta, babu tarin haruffan da ake rubutawa ba a furtawa. Wahalarta tana wasu wurare ƙalilan. Na farko haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ƙugiya ce ta raba baki da baƙi, kasa da ƙasa, daidai da ɗaiɗai, amma masu rubutu a WhatsApp sun saba yar da ita, yara kuma abin da suka gani suke kwaikwayo. Ita ƴ ma Nijar ce ta fi riƙo da ita, a Nijeriya 'y ake rubutawa. Na biyu karin harshe. Ba'are, mutumin wannan yanki, yana cewa hita da hwara inda littafi ya rubuta fita da fara, saboda haka idan an naɗa muryar wasan da karin Kano tana iya rikita yaro a kwanakin farko. Wannan ba kuskuren yaron ba ne, kuma bai kamata a hore shi a kai ba. Sai dai a nuna masa cewa baki yana da nasa, takarda tana da nata. Na uku rabon kalma, kamar yadda ake haɗa "motarsa" amma a raba "ya sayar masa", wanda wasan haruffa bai cika kaiwa gare shi ba.

Akwai kuma abin da yatsa ba ya koya daga gilashin waya. Zaɓen harafi cikin huɗu da aka jera ya fi sauƙi a kan tuno shi daga ka a zana. Yaro yana iya ƙure matakan wasa amma ya tsaya cak idan aka miƙa masa alli. Hanyar da ta fi amfani ita ce a taƙaita wasan, a ajiye waya, babba ya yi shiftar kalmomin da aka gani, yaro ya rubuta a allo, a gyara tare. Gidan da waya ɗaya ce, kuma mai gida ke fita da ita kasuwa, yana iya yin wasan ba waya: a yanka kwalin shayi, a rubuta gaɓoɓi irin su ka, ƙa, da, ɗa, yara su yi gasar haɗa kalma. Wayar tana koyar da sautin harafi da sauri, amma duba ƙugiya da rabon kalma aikin babban da ke zaune kusa da yaron ne.