Gunjin Jitar Bas a Zauren Taro: Inda Ake Neman Matsalar da Gyaran da Ba a Yi

A duk liyafar ban kwana da ake shirya wa darakta mai ritaya a Abuja, akwai wani ƙaramin ma'aikaci da aka ɗora wa nauyin kawo makaɗa. Shi ake harara idan babban baƙo ya miƙe zai yi jawabi sai wani gunji mai kauri ya cika zauren daga kusurwar da mai jitar bas yake. Galibi akan yanke hukunci nan take cewa sifika ta lalace, alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau.

Wutar lantarkin Nijeriya mai ƙarfin bolt 230 ce, tana kuma kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Tsirkiya mafi kauri a jitar bas mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa kimanin sau 41 a daƙiƙa. Ke nan gunjin lantarki ya faɗo daidai cikin zangon sautin da aka ƙera amfilifayar bas da akwatin sifikarta domin su ƙarfafa. Abin da ƙaramar rediyo za ta haɗiye ba a ji ba, akwatin bas zai fito da shi har tagogi su yi rawa.

Ƙwararrun masu sauti ba sa fara kwance na'ura. Sukan zare wayar jita daga amfilifaya, su saurara. Idan gunjin ya ɗauke, laifin yana ga jitar ko wayarta, kuma waya ce ta fi saurin mutuwa, domin ita ake takawa, ake ja, ake naɗewa a gurguje. Sai a gwada wata. Jita irin Fender Jazz Bass tana da maɗaukan sauti biyu da ke kashe gunjin juna idan an buɗe su daidai wa daida. Da an rage ɗaya, gunji ya dawo, kuma wannan ɗabi'arta ce. Jitar da ke aiki da batir mai bolt 9 kuwa, sautinta kan dusashe ya riƙa tsagewa idan batirin ya yi sanyi. Barin waya a jikinta bayan an tashi daga wasa yana cinye batirin.

Akwai gunjin da ba ya bayyana sai an haɗa amfilifaya da na'urar haɗa sauti ta zauren. Wannan yana faruwa ne idan na'urorin biyu suna shan wuta daga soket mabambanta, sai wata 'yar wuta ta riƙa zagayawa tsakaninsu ta wayar sauti. Maganinsa shi ne a mayar da su layin wuta ɗaya, ko a danna maɓallin da ke raba wayar ƙasa a jikin ƙaramin akwatin nan da ake kira DI, wanda aka yi shi domin haka.

A nan ne wasu ke bin gajeriyar hanya: su cire ƙafa ta uku ta filogi, wato wayar ƙasa, gunji ya yi shiru, kowa ya yaba. Wannan ƙafar ce ke kwashe wuta ta kai ta ƙasa idan wani abu ya lalace a cikin na'ura. Idan babu ita, wutar za ta bi ta tsirkiyar ƙarfe zuwa hannun makaɗi. A 1972, Les Harvey, mai kaɗa jita a ƙungiyar Stone the Crows, ya rasu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya bayan ya taɓa makirufo da wuta ta kama. Duk jami'in da ya ga ana wannan aika-aika a taron da yake kula da shi, ya kamata ya hana, ko da gunjin zai ci gaba har a tashi.

Ƙarar ƙaiƙayi da ake ji idan an murɗa maɓalli yawanci ƙura ce, kuma hunturu ba ya raga wa kayan sauti. Feshin wanke mahaɗar lantarki yana isa.

Matsalar da ta fi cin kuɗi tana tsakanin amfilifaya da akwati. Kowane akwatin sifika yana da ma'aunin turjiya da ake kira om, a rubuce a bayansa. Idan aka jona akwati biyu masu om 8 a amfilifaya ɗaya ta hanyar da aka saba, lissafin yana komawa om 4. Biyu masu om 4 kuwa suna komawa om 2, alhali amfilifayoyi da yawa ba sa jure ƙasa da 4. Sai na'urar ta ɗau zafi, ta kashe kanta a tsakiyar waƙa, ta huce ta dawo, a yi ta zargin janareta. Haka nan wayar jita ba ta maye gurbin wayar sifika, duk da bakinsu kan zo iri ɗaya: siririya ce, ba ta ɗaukar wutar da ke zuwa akwati. Amfilifaya mai kwalabe irin Ampeg SVT, wadda ta fito a 1969 da ƙarfin wat 300, ba a kunna ta ba tare da akwati a jone ba, domin taransifomarta na iya ƙonewa.

Idan akwati yana karkarwa, a fara duba kusoshi da ragar gaba, har ma da silin ɗin zauren. Bayan haka a kashe wuta, a danna takardar sifikar a hankali da yatsu a buɗe. Idan aka ji gurzawa, koyil ya samu matsala, sai mai gyara. Cikin amfilifaya ma nasa ne, domin wasu sassanta suna riƙe wuta bayan an zare filogi.

Kayan gwanjo da aka shigo da su daga Amurka na bolt 120 ne, sai an duba bayansu kafin a jona, in ba su da maɓallin sauyawa a nemo taransifoma mai rage ƙarfin wuta. Mai shirya taro kuma ya ba makaɗa sa'a guda kafin isowar baƙi, su gwada kayansu a wutar NEPA da ta janareta, sannan a amince cewa za a rage sauti a kashe amfilifaya kafin a sauya layi.