Bayani Kan Ɗaukar Kamfanin Hulɗa da Jama'a a Lokacin Tattaunawar Jami'a da Ma'aikatanta

Kamar yadda jama'a suka sani, duk lokacin da saɓani ya shiga tsakanin hukumar jami'a da ƙungiyoyin ma'aikatanta, ana fafatawa ne a wuri biyu: a teburin tattaunawa, da kuma a kafafen yaɗa labarai, inda kowane ɓangare ke neman goyon bayan iyayen yara. Wannan ne kan sa hukumar jami'a ta ɗauko kamfani mai zaman kansa domin ya tsara mata yadda za ta yi wa jama'a magana, abin da kan jawo cece-kuce. Mun ga ya dace mu yi bayani a kai, musamman ga jama'armu na karkara da jami'an ƙananan hukumomi.

Aikin irin wannan kamfani shi ne rubuta sanarwar manema labarai, da sayen fili a jaridu da gidajen rediyo, da shirya wa shugaban jami'a abin da zai faɗa. Sana'a ce halattacciya. A Nijeriya tana ƙarƙashin kulawar cibiyar masu aikin hulɗa da jama'a, wato NIPR, wadda aka kafa a 1963, aka kuma ba ta ƙarfin doka a 1990.

Idan za a iya tunawa, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙasa, wato ASUU, ta yi yajin aiki daga watan Yuli zuwa Disamba na 2013, sannan ta sake yin wani na wata 8 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022. A duka biyun, tushen rigimar shi ne yarjejeniyar da ƙungiyar ta ƙulla da Gwamnatin Tarayya a 2009. Tsawon waɗannan watanni ɗalibai na zaune a gida, iyaye kuwa ba su da wata madogara sai abin da kowane ɓangare ya faɗa a rediyo. Don haka wanda ya fi iya isar da saƙonsa shi ke jan ra'ayin jama'a.

Masu suka suna kafa hujja da abu uku. Na farko kuɗi: ta yaya hukumar da ta ce ba ta da halin biyan alawus za ta samu na biyan kamfani? Na biyu, jami'o'i suna da sashen yaɗa labarai nasu da ma'aikatan da ake biya albashi domin wannan aiki. Na uku amana: ma'aikata kan ɗauki matakin a matsayin alamar cewa hukuma ta fi son ɓata musu suna a kan a yi sulhu. Ita kuwa hukuma takan ce sashenta ba shi da isassun ma'aikata, kuma tilas ne ta kawar da jita-jita, ta sanar da ɗalibai halin da ake ciki.

A namu ganin, ma'aunin shi ne a yi komai a fili. Dokar bayar da kwangila ta 2007 ta shafi jami'o'in tarayya, haka nan dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce, a kuma amsa masa cikin kwana 7. Idan hukuma ta bayyana nawa ta biya, daga wane asusu, kuma kan wane aiki, zargi zai ragu. Idan kuwa ta ɓoye, ramin ƙarya ƙurarre ne.

A ƙarshe, muna kira ga iyayen yara da su riƙa sauraron ɓangarori biyu kafin su yanke hukunci. Muna kuma tunatar da shugabannin ƙananan hukumomi cewa darasin ya shafe su a duk lokacin da suke tattaunawa da malaman firamare ko sauran ma'aikatansu: a yi amfani da jami'an yaɗa labarai da ake da su, a faɗi alƙaluman gaskiya, domin ba a rediyo ake sa hannu kan yarjejeniya ba. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.