Yini Ɗaya a Tsibirin Kanumfari

Jama'a, karatunmu na yau zai kai mu nesa da gida. Za mu bar duwatsun Dutse da itatuwan dabino, mu tafi teku. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Haɗeja faɗi ba. To, teku ta fi haka nesa ba kusa ba. In ka tsaya a bakinta ba za ka hango ɗaya gaɓar ba. Ruwanta kuma gishiri ne, ba ya shayuwa.

Tafiya iri biyu

Shiga jirgin ruwa ba baƙon abu ba ne ga mutanen ƙasarmu. Kakanninmu da suka tafi Makka ta ƙasa sun bi ta Barno, suka ratsa Cadi da Sudan, har suka isa Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tsohon garin Sawakin ma a kan tsibiri ya ke. Daga nan su kan shiga jirgi su haye zuwa Jidda. Har wa yau, daga 1951 zuwa 1974 akwai wani jirgi mai suna Aureol wanda ya riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Ikko da Ingila. Tafiyar ta kan ci kamar mako biyu.

Waɗannan duka tafiyar bukata ce. Mutum yana da inda ya nufa, jirgi kuwa abin hawa ne kawai. Amma akwai wata tafiya dabam, wadda a ke yi don hutawa da ganin ƙasashe. Mutum ya yi aiki shekara guda, ya tara kuɗi, ya sami hutu. Sai ya biya, ya shiga jirgi. Jirgin ya yi ta zagawa da shi kwana bakwai ko goma ko fiye, sa'an nan ya komo da shi gida. Wannan ita ce tafiyar shan iska a teku. Jamusawa ne suka fara ƙera jirgi musamman dominta, a 1900.

Yadda jirgin ya ke

Kada ku ɗauka kwale-kwale ne babba. Gari ne guda yana tafiya a kan ruwa. Akwai ɗaya mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024 daga Amurka. Tsawonsa mita 365, watau ya fi filin ƙwallo uku a jere. Yana da bene hawa 20. Yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Waɗansu jiragen ba su kai haka ba. Akwai masu ɗaukar mutum 2,000, akwai masu ɗaukar 'yan ɗaruruwa.

A cikin jirgi akwai ɗakunan kwana, da ɗakunan cin abinci, da kantuna, da ƙaramin asibiti. Akwai injin da ke ba da wutar lantarki. Akwai kuma injin da ke tace ruwan teku, ya raba shi da gishiri, ya zama ruwan sha. Kyaftin shi ne sarkin jirgi, maganarsa a ke bi.

Yawanci jirgi ya kan yi tafiya da dare, fasinja suna barci. In gari ya waye sai a ga an iso wata ƙasa. Fasinja su sauka su yi yini, da maraice su komo. Wannan saukar ta yini ɗaya ita ce za mu duba yanzu.

Tsibirin Unguja

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ta kowane gefe. Wanda za mu sauka yana gabashin Afirka, cikin Tekun Indiya. Turawa suna kiransa Zanzibar, mutanensa kuwa suna kiransa Unguja. Tsawonsa kamar kilomita 85, bai kai tafiyar mota daga Dutse zuwa Kano ba. Yana da ɗan'uwa a arewa da shi, sunansa Pemba. Ƙasa ce mai zafi da yawan ruwan sama. Damina biyu su ke yi a shekara. Kusan dukan mutanen Musulmi ne, harshensu Suwahili.

Larabawan Oman sun daɗe suna mulkin wurin. Sarkinsu Sayyid Sa'id ya bar Maskat ya mai da Unguja mazauninsa wajen 1840. Daga baya Ingilishi suka shigo. An ba su mulkin kai a watan Disamba 1963. A watan Janairu 1964 aka yi juyin mulki, aka kori Sarki. A watan Afrilu na wannan shekara suka haɗu da Tanganyika, ƙasar ta zama Tanzaniya.

Sauka daga jirgi

To, a ce kai ne cikin jirgin. Kana da fasfo da biza, da katin allurar shawara, gama ba a shiga Tanzaniya daga Nijeriya sai da shi. Da hantsi jirgi ya iso. In babba ne ba ya matsowa gaɓa. Sai ya tsaya can cikin ruwa, ya saki wani ƙaton ƙarfe mai ƙugiya da sarƙa, ya riƙe shi kamar doki a turke. Ƙananan jirage su riƙa kwasar mutane zuwa tudu.

A bakin ƙofar fita akwai abu biyu. Na farko, kowa yana da kati mai sunansa, sai ya nuna shi in zai fita, ya kuma nuna in ya komo. Da haka a ke sanin wanda ya rage a waje. Na biyu, akwai allo, an rubuta lokacin da kowa zai komo. A ce an rubuta 4.30. Wannan rubutu ya fi kome muhimmanci a wannan yini. Mai hankali ya kan kwafe shi a takarda ya sa a aljihu.

Da ka taka ƙasa sai ka shiga tsohon birni. An gina gidajensa da dutsen teku da farar ƙasa, hawa biyu, hawa uku. Lungunansa ƙanana ne ƙwarai, mota ba ta shiga da yawansu. Ƙofofin gidaje na katako ne, an sassaƙa musu ado, an kafa musu ƙusoshin tagulla. Za ka ji kiran salla kamar kana gida. Za ka ji kalmomin da kunnenka ya sani. Su ce “dunia”, mu ce duniya. Su ce “habari”, mu ce labari. Su ce “sabuni”, mu ce sabulu. Mu da su duka daga Larabci muka aro.

Ɗan jagora zai kai ka wani wuri mai sa jiki ya yi sanyi, watau inda kasuwar bayi ta ke a dā. A nan aka riƙa sayar da mutanen da aka kamo daga cikin Afirka, maza da mata da yara. An rufe kasuwar a 1873, zamanin Sarki Bargash, aka gina coci a wurin.

Gonar kanumfari

Daga birni sai a shiga mota a nufi ƙauye. Kowace mace a ajin nan ta san kanumfari. Tana sa shi a kunu, da zoɓo, da yaji. Ana sayar da shi a kasuwar Shuwarin da kowace kasuwa ta ƙasarmu. Amma wa ya taɓa ganin uwarsa?

Itace ne dogo, mai ganye kore shar duk shekara. Abin da mu ke ci ba 'ya'yansa ba ne. Tohon furensa ne, tun bai buɗe ba. In ya fara ja sai a hau a tsinke shi da hannu. A shanya shi a tabarma 'yan kwanaki, har ya bushe ya yi duhu. Asalin itacen daga tsibiran Indunusiya ne. An kawo shi Unguja wajen 1818. Sayyid Sa'id ya sa aka dasa shi da yawa, bayi kuwa su ne suka yi aikin. A 1872 wata babbar guguwa ta kakkarya yawancin itatuwan Unguja. Tun daga nan Pemba ta fi ta yawan kanumfari.

A gonar za a nuna maka kirfa, wadda ɓawon itace ce, da citta, da kwakwa. Wani yaro zai hau itacen kwakwa da igiya a ƙafa, ya yanko, ya fasa maka ka sha ruwanta. Hira za ta yi daɗi. A nan ne baƙo ya kan mance da agogo.

Maganar agogo

Ku lura da kyau, gama nan ne mutane su ke yin hasara. Abu na farko, agogon Tanzaniya yana gaban namu da awa biyu. In ƙarfe 12 ta yi a Dutse, can ƙarfe 2 ce. Saboda haka kafin ka sauka, daidaita agogonka da na jirgi.

Abu na biyu ya fi ban mamaki. Masu Suwahili ba su fara ƙirgen awa daga tsakar dare kamar mu. Daga fitowar rana su ke farawa, domin a ƙasarsu rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 duk shekara. Saboda haka ƙarfe 7 na safe ita ce awa ɗaya a wurinsu. Tsakar rana awa shida ce. Ƙarfe 4 na yamma awa goma ce, su ce “saa kumi”.

To, ga yadda ɓarna ta ke faruwa. Direba ya ce a komo mota “saa kumi”. Wani ya fassara maka ya ce ƙarfe goma. Kai kuwa ka saki jiki, kana tsammani sai bayan lisha. Alhali la'asar ya ke nufi. Maganinta lissafi ne mai sauƙi. In lambarsu ta wuce shida, ka ɗebe shida. In ba ta wuce ba, ka ƙara shida. Goma a ɗebe shida, saura huɗu. Abin da ya fi, ka nuna wa direba takardar da ka rubuta, ku dubi fuskar agogo tare.

Me zai faru in ka makara? In kamfanin jirgi ne ya shirya yawon, motarsu ce ta makara, jirgi ya kan jira. Amma in kai ka ɗauki mota da kanka don ta fi araha, ba mai jiranka. Jirgi ya busa ƙaho, ya janye ƙugiyarsa, ya tafi da kayanka. Ba za a tsai da mutum dubu saboda mutum ɗaya ba, gama ana jiransu gobe a wata tashar. Kai za ka biya masauki, ka biya kuɗin jirgin sama, ka bi shi. Kuɗin ya kan fi abin da ka rage sau da yawa.

Baƙo da ɗan gari

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ba baƙon da ya kai fasinjan jirgi kama da raɓa. Ya zo da hantsi, kafin magariba ya tafi. A jirgi ya ke kwana, a jirgi ya ke cin yawancin abincinsa. Saboda haka mai masauki da mai tuwo a tsibiri ba su samun abu mai yawa daga gare shi. In kuma a cikin jirgi ya biya kuɗin yawo, kamfani ya ɗebi rabonsa tun kuɗin bai taka ƙasa ba. Abin da ya rage shi ne na direba, da ɗan jagora, da mai gona.

Don haka baƙon kirki ya kan sayi tsarabarsa daga hannun wanda ya noma ta ko ya saƙa ta. Ya san kuɗin ƙasar, watau shilin, wanda iyayenmu su ke kira sule, ya ƙirga canjinsa. Ya sa tufafin mutunci. Ba ya ɗaukar hoton kowa sai ya nemi izini. In azumi a ke yi, ba ya ci a kan hanya. Ba ya jefa leda a teku, gama daga nan masunta su ke ci.

Mu ba mu da teku, amma muna da baƙin yini ɗaya. Suna zuwa kallon hawan salla a fadar Sarkin Dutse a Garu. Suna zuwa ganin zanen mutanen dā a kogunan dutse na Birnin Kudu. Suna tsayawa a bakin hanya su sayi dabino. Su ma agogo yana korarsu. In baƙo ya tambaye ka hanya, faɗa masa gaskiyar nisanta. In ya tambayi kuɗin mudu, faɗa masa kuɗin da za ka faɗa wa maƙwabcinka. In ka ce za ka zo ƙarfe 2, ka zo ƙarfe 2. Shi ba zai kwana ba, amma labarin garinku zai tafi da shi.

Tambayoyi

1. Mene ne tsibiri?
2. Wane ɓangare na itacen kanumfari mu ke ci?
3. In ƙarfe 10 na safe ta yi a Dutse, ƙarfe nawa ce a Unguja?
4. Mutumin Unguja ya ce a haɗu awa tara da rana. Ƙarfe nawa ke nan a ƙirgenmu?
5. Rubuta abu uku da baƙo zai gani a garinku cikin yini ɗaya, da lokacin da ya kamata ya je kowanne.